ZARE: Led Zeppelin, daga ina waƙoƙinsu suka fito, kuma wa ya ci kuɗin? 🧵

1/
Jama'a ku matso kusa, yau zaren tarihin kiɗa ne, kuma dogo ne. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Zan ba ku labarin wasu samari huɗu 'yan Ingila da suka yi shekara 12 suna girgiza duniya, daga 1968 zuwa 1980. Sunan ƙungiyarsu Led Zeppelin.

2/
Na san wani zai ce bai taɓa jin su ba. Ka ji su, ba ka dai san su ba ne. In ka kalli fim ɗin Thor: Ragnarok, waƙar da ake sakawa lokacin faɗa tasu ce. In ka saurari faifan Lemonade na Beyoncé, akwai gangarsu a ciki. Za mu zo wajen.

3/
Abin da ya kawo ni shi ne wannan: waƙa ma tana da iyaye da kakanni. In ka bi salsalar waƙoƙin Led Zeppelin za ka ga gwaninta ta gaske, za ka kuma ga sunayen mutanen da aka goge daga jikin faifai. Ni ba zan ɓoye ko ɗaya daga cikin biyun ba.

4/
Mu fara da mutanen. Jimmy Page, mai jita, shi ne uban tafiya. Tun yana saurayi yake aikin haya a sutudiyoyin Landan: duk mawaƙin da ke buƙatar jita a faifansa a kira shi, ya kaɗa, a biya shi, ya tafi. A 1966 ya shiga wata ƙungiya mai suna Yardbirds.

5/
A tsakiyar 1968 Yardbirds ta watse, alhali an riga an ƙulla yarjejeniyar wasanni a Denmak da Suwidin. Dole Page ya nemo sabbin mutane cikin gaggawa. Mawaƙin da ya fara nema, Terry Reid, ya ce yana da wani aiki, amma ya nuna masa wani yaro a yankin Birmingham: Robert Plant.

6/
Plant ya jawo abokinsa mai ganguna, John Bonham. Na huɗu shi ne John Paul Jones, mai jitar bas da fiyano, wanda shi ma ɗan aikin haya ne kamar Page. Lokacin Page na da shekara 24, Jones 22, Plant da Bonham kuwa 20 ko ƙasa da haka kaɗan. Yara ne fa.

7/
A watan Agustan 1968 suka fara gwaji a wani ɗan ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a titin Gerrard a Landan. Wasansu na farko ranar 7 ga Satumba ne a Denmak, da sunan New Yardbirds. Daga baya suka koma Led Zeppelin, sunan da ya samo asali daga zolayar cewa ƙungiyar za ta faɗo ƙasa tim kamar balan-balan ɗin dalma.

8/
Faifansu na farko cikin sa'o'i talatin da 'yan kai suka naɗe shi a sutudiyon Olympic, kuɗin aikin bai kai fam dubu biyu ba. Ya fito a Janairun 1969. To ga tambaya: mutanen da suka haɗu wata biyu da suka wuce, ina suka samu waƙoƙin cika faifai? Nan labarin yake.

9/
Sai mun koma baya kaɗan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samarin Ingila sun haukace da kiɗan baƙaƙen fatan Amurka da ake kira bulus. Kiɗa ne da ya taso a gonakin auduga na Mississippi, cikin jikokin bayi, daga baya ya yi ƙaura zuwa Chicago ya haɗu da wutar lantarki.

10/
Su Muddy Waters, Howlin' Wolf, Willie Dixon, Sonny Boy Williamson. A ƙasarsu wariyar launin fata ta sa yawancin fararen fata ba su ma san da su ba. Amma a Landan da Birmingham yara na odar faifansu, suna koyon kowane zubi kamar karatun makaranta. Page da Plant 'yan wannan ajin ne.

11/
A al'adar bulus, aro ba abin kunya ba ne. Wannan ya ɗauki baitin wancan ya ƙara nasa, wani ya ɗauki kari ya sauya masa magana. Haka ake tun kafin a san faifai. Matsalar ta fara ne da aka shigo da takarda: wanda aka rubuta sunansa a matsayin marubuci, shi ke karɓar kuɗi har jikokinsa.

12/
Ku riƙe wannan, don shi ne makullin zaren. Duk faifan da aka sayar, duk sanda aka saka waƙa a rediyo, akwai kason marubuci. Saboda haka ɗan ƙaramin rubutun nan da ke ƙarƙashin sunan waƙa ba ado ba ne. Takardar gado ce.

13/
Yanzu mu buɗe faifan farko. Waƙoƙi biyu, You Shook Me da I Can't Quit You Baby, an rubuta sunan Willie Dixon a kansu yadda ya kamata. Wannan ya nuna sun san ƙa'ida sarai. Kada wani ya ce min rashin sani ne.

14/
Sai Dazed and Confused, wadda ta zama tambarin Page. A nan ne yake goga wa jita izgar violin kamar mai goge, sauti ya riƙa fita kamar kukan iska a kango. A jikin faifai an rubuta Page shi kaɗai ya tsara ta.

15/
Amma a 1967 wani mawaƙi ɗan Amurka, Jake Holmes, ya fitar da waƙa mai wannan suna, da wannan zubin bas mai gangarowa ƙasa. A watan Agustan shekarar ya yi wasa a New York dandali ɗaya da Yardbirds. Suka ji ta, suka ɗauka, suka sake mata fasali. Page ya taho da ita sabuwar ƙungiya.

16/
Holmes ya yi fiye da shekara 40 bai je kotu ba. Sai a 2010 ya shigar da ƙara, aka sasanta a wajen kotu. Tun daga nan ake ƙara sunansa a matsayin wanda waƙar ta samo tushe daga wurinsa. Shekara arba'in fa, mutum na jin abinsa a rediyo da sunan wani.

17/
Babe I'm Gonna Leave You kuwa daga faifan Joan Baez na 1962 suka ji ta. An rubuta ta a matsayin waƙar gargajiya marar mai ita, su ma suka rubuta haka. Ashe a lokacin mai ita na nan da ranta, wata mata Anne Bredon. Daga 1990 aka fara saka sunanta, aka kuma biya ta kuɗin baya.

18/
Akwai kuma Black Mountain Side, kiɗan jita zalla da ƙaramar gangar Indiya. Duk wanda ya saurari yadda Bert Jansch ɗan Sukotlan ya kaɗa wata tsohuwar waƙar Ayalan a 1966 zai gane inda Page ya kwaso salon. Sunan Jansch bai taɓa hawa faifan ba.

19/
Faifai na biyu ya fito Oktoban 1969. A kan hanya suka naɗe shi, yau wannan gari gobe wancan, tsakanin wasanni. Shi ne ya ture Abbey Road na Beatles daga matsayi na ɗaya a Amurka. Waƙar da ta buɗe shi ita ce Whole Lotta Love.

20/
Akwai ɗan guntun kiɗa da jita ke maimaitawa, wanda da ka ji shi ka san waƙar tun kafin a buɗe baki. Turawa na ce masa riff, ni ina kiransa taken waƙa, don aikinsu ɗaya da taken da makaɗi ke yi wa mutum. Taken Whole Lotta Love na Page ne, babu gardama, kuma yana cikin mafi shahara a duniya.

21/
Baitocin fa? Da yawansu daga You Need Love suke, wadda Willie Dixon ya rubuta, Muddy Waters ya rera a 1962. Dixon ya kai ƙara a 1985, aka sasanta a 1987. Yau in ka duba za ka ga sunansa tare da nasu. Plant kansa bai musa cewa ya kwaso baitocin ba.

22/
A wannan faifan dai, The Lemon Song ta jingina da Killing Floor ta Howlin' Wolf, sannan farko da ƙarshen Bring It On Home na Dixon ne. Kamfanin Arc Music, mai riƙe da haƙƙin waƙoƙin, ya kai ƙara a farkon shekarun 1970, aka biya shi.

23/
Ga inda abin ke da ciwo: kuɗin ya shiga kamfani, bai wuce kai tsaye ga masu waƙa ba. A 1977 sai da Dixon da Muddy Waters suka maka Arc Music ɗin kansa a kotu kan haƙƙoƙinsu. Wato ba baƙi daga Ingila kaɗai ke cin guminsu ba, har da na cikin gida.

24/
To in nan labarin ya tsaya, da sai mu ce 'yan kwafi ne mu wuce. Kayan aro ba ya rufe katara. Amma bai tsaya nan ba, kuma shi ya sa har yau ake maganarsu. Daga 1970 suka fara neman muryar kansu.

25/
A farkon 1970, bayan gajiyar yawon Amurka, Page da Plant suka tare a wata tsohuwar bukkar dutse a ƙauyen Wales mai suna Bron-Yr-Aur. Ba lantarki, ba ruwan famfo. Babu inda za ka jona amfilifaya, dole ka koma jitar katako.

26/
Abin da ya fito shi ne faifai na uku, Oktoban 1970, rabinsa kiɗa mai sanyi irin na karkarar Birtaniya. Masu sharhi da yawa suka yi ca a kansu, wai sun yi laushi. Amma a nan suka koyi abin da ya zama sirrinsu: haɗa sanyi da zafi a cikin waƙa ɗaya.

27/
A faifan nan Immigrant Song take, waccan ta fim ɗin Thor. Ta samo asali daga wasan da suka je yi a Reykjavik, babban birnin Aisilan, a Yunin 1970. Plant ya ga ƙasar ƙanƙara, ya tuna tarihin mayaƙan teku na Arewacin Turai, ya rubuta. Wannan kam tasu ce tun daga tushe.

28/
Faifai na huɗu, Nuwamban 1971. Ba suna, ba hotonsu, ko sunan ƙungiya babu a bango, sai alamomi huɗu a ciki. Yana cikin faifan da aka fi saya a tarihi. Yawancinsa a Headley Grange aka yi shi, wani tsohon gida mai sanyi a Hampshire da aka gina a 1795 don ajiye matalauta.

29/
Yadda waƙoƙi suka riƙa faɗowa a gidan abin sha'awa ne. Rock and Roll: suna fama da wata waƙa ta ƙi zama, Bonham ya fusata ya kama buga mabuɗin wata waƙar Little Richard, Page ya bi shi da jita, nan take sabuwa ta fito. Black Dog kuwa sunan ta samo daga wani baƙin kare da ke yawo a harabar gidan.

30/
Yanzu ku gyara zama, mun zo wadda na fi so: When the Levee Breaks. Asalinta ba Ingila ba ne. A 1927 kogin Mississippi ya yi ambaliyar da ba a taɓa ganin irinta ba a Amurka. Ganuwar ƙasa da aka yi a bakin kogi ta fashe a wurare da dama, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni.

31/
Baƙaƙen fata ne suka fi shan wuya. A garin Greenville an tsare su a sansani kan ganuwar, aka tilasta musu aikin ɗaukar buhunan yashi da kaya, masu bindiga na tsaye a kansu. Bayan ruwa ya janye, da yawa suka tattara suka yi arewa, su Chicago.

32/
A 1929 wata gwanar jita, Memphis Minnie, da mijinta Kansas Joe McCoy suka naɗi waƙa kan wannan fargaba: ruwa na ta zuba, ganuwa na shirin fashewa, ba wurin zuwa. Jita biyu ne da murya, da ɗan sauri-sauri. Bayan shekara 42 Led Zeppelin suka ɗauko ta.

33/
Abin da suka yi mata shi ne misalin aro mai kyau. Sun rage mata gudu, suka ba ta nauyi. Injiniya Andy Johns ya sa aka kafa gangunan Bonham a zauren shiga gidan, ƙarƙashin matattakalar bene mai tsawo, ya rataye makirufo biyu kacal daga sama, ya ƙara na'urar amsa-kuwwa.

34/
Sautin da ya fito kamar ana rushe gini. Kana jin gangar kana jin ruwan na tahowa. Minnie ta ba da labarin tsoro, su kuma suka sa ka ji tsoron a ƙirjinka. Kuma a wannan karon sun rubuta sunan Memphis Minnie tare da nasu tun ranar farko. Ashe ana iyawa.

35/
Minnie ta rasu a 1973 a Memphis, bayan shekaru tana jinya. Kabarinta ya zauna ba alama sai 1996, lokacin da aka kafa masa dutse da taimakon mawaƙiya Bonnie Raitt. Matar da sunanta ke jikin faifan da ya shiga gidaje miliyoyi ke nan.

36/
Gangar nan ta Bonham kuwa ta zama ma'adanar 'yan hip-hop. Beastie Boys sun yanko ta a 1986. Eminem ya yi amfani da ita. Beyoncé ta saka ta a Don't Hurt Yourself a 2016, kuma in ka duba jerin marubutan waƙar za ka ga sunayen su huɗun. Wato su in an ara nasu, sai an rubuta, sai an biya 😅

37/
Sai babbar yaya, Stairway to Heaven. Minti takwas, tana farawa a hankali da jitar katako da sarewa, tana hawa mataki-mataki har ta ƙare da tsawa. Darasin bukkar Wales ne ya nuna a nan. Sun fara kaɗa ta a bainar jama'a a Belfast ranar 5 ga Maris 1971.

38/
Ita ma ta je kotu. Wata ƙungiyar Amurka, Spirit, tana da wani kiɗa mai suna Taurus na 1968, wanda mabuɗinsa ke kama da nata. Kuma sun taɓa haɗa dandali, har a wasan Zeppelin na farko a Amurka, a Denver, Disamban 1968. Mai kiɗan, Randy Wolfe, ya rasu a 1997. Mai kula da gadonsa ya kai ƙara a 2014.

39/
A 2016 kotu a Los Angeles ta ba Zeppelin gaskiya. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta ce a sake shari'a. A 2020 cikakken zaman kotun ya dawo da hukuncin farko, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron batun. Hujjar lauyoyinsu: wannan gangarowar sauti tsohon abu ne, an yi ɗaruruwan shekaru ana amfani da shi.

40/
A nan ni ina tare da su. Akwai bambanci tsakanin ɗaukar baitocin mutum sukutum, da amfani da tubalin da kowa ke gini da shi. In aka ce wani ya mallaki jerin sautuka huɗu ko biyar, gobe ba wanda zai iya yin waƙa. Ba duk kama ce sata ba.

41/
Daga 1972 suka fara leƙa wajen Turai da Amurka. Page da Plant sun je Bombay sun gwada naɗar waƙoƙinsu biyu da makaɗan Indiya. A faifan Houses of the Holy na 1973 sun taɓa rege na Jamaika, sun taɓa salon James Brown. Wasu gwaje-gwajen sun zauna, wasu dai sai a hankali.

42/
Wanda ya zauna daram shi ne Kashmir, a faifan Physical Graffiti na 1975. Abin dariya, lokacin ba ɗayansu da ya taɓa taka Kashmir. Plant ya samo baitocin ne a wata doguwar tafiyar mota a kudancin Maroko, a bakin Sahara, hanya miƙaƙƙiya ba ƙarshe.

43/
Ku saurare ta da kunnen makaɗi. Jita na tafiya da ƙirgen uku-uku, ganga na tafiya da huɗu-huɗu. Suna rabuwa, su yi ta zagaye, sai can su haɗu, su sake rabuwa. Shi ya sa take jan mutum kamar tafiyar ayari. Page ya sauya ɗaurin tsirkiyar jitarsa don ta ba da amo irin na gabas.

44/
Plant ya sha faɗin yadda muryar Ummu Kulsum ta Masar ta shige shi. Kuma ya sha nuna cewa Kashmir ta fi Stairway wakiltar ƙungiyar a wurinsa. A 1998 Puff Daddy ya gina waƙar fim ɗin Godzilla a kan takenta, Page da kansa ya kaɗa masa jitar.

45/
Kada ku ɗauka tsohon hali ya tafi gaba ɗaya. In My Time of Dying ta 1975 da Nobody's Fault but Mine ta 1976 duk suna da tushe a waƙoƙin addini da Blind Willie Johnson, wani makaho ɗan Texas, ya naɗa a 1927. A jikin faifai sunayen 'yan Zeppelin kaɗai aka rubuta.

46/
Johnson ya rasu a 1945 cikin talauci, bayan gobara ta cinye gidansa ya ci gaba da kwana a kangon. A 1977 hukumar NASA ta saka wata waƙarsa a faifan zinare da kumbon Voyager ya tafi da shi. Muryarsa ta fita daga duniyarmu, sunansa bai samu shiga bangon faifai a Landan ba.

47/
Shekarun ƙarshe masifu ne suka riƙa rubuta musu waƙa. Agustan 1975 Plant ya yi mummunan haɗarin mota a tsibirin Rhodes na Girka. A keken guragu ya rera faifan Presence, wanda suka naɗa cikin kwana 18 a Munich. Kana jin ƙunci da gaggawa a cikinsa.

48/
A Yulin 1977 suna tsakiyar yawon Amurka aka kira Plant: ɗansa Karac, ɗan shekara 5, ya rasu. Ya kusa barin waƙa gaba ɗaya. Da ya dawo, shi da Jones suka rubuta All My Love don yaron. Tana faifan 1979, wanda aka naɗa a sutudiyon ABBA a Stockholm, inda fiyano da kibod suka fi jita ƙarfi.

49/
Ranar 25 ga Satumba 1980 aka tarar da John Bonham ya rasu bayan shan giya mai yawan gaske. Shekararsa 32. Ranar 4 ga Disamba sauran ukun suka sanar cewa ba za su ci gaba ba tare da shi ba. Ba su nemi wani mai ganga ba. Cikakken wasa guda da suka sake yi shi ne na Landan a 2007, ɗansa Jason a kan ganguna.

50/
Saura tambaya ɗaya: shi kansa bulus ɗin, daga ina? Masani Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999, ya kawo hujjar cewa yawancin siffofinsa, irin jan murya da lanƙwasa ta da kiɗan tsirkiya na mutum ɗaya, sun fi kama da na yankin da ya taso daga Mali, ya ratsa arewacin Gana da arewacin Najeriya zuwa arewacin Kamaru.

51/
Ra'ayin masani ne, ana muhawara a kai, kuma bulus a Amurka aka haife shi, cikin wahalar mutanen can. Kada mu ma mu yi abin da muke zargi, mu ce namu ne mu goge sunansu. Amma in ka saurari mai goge ko mai gurmi, ka saurari tsohon bulus na Mississippi, kunnenka zai gaya maka akwai zumunci.

52/
Plant ya bi wannan zaren da ƙafarsa. A 1994 shi da Page sun zauna a Marrakesh sun yi kiɗa da 'yan Gnawa, jikokin mutanen da aka kai Maroko daga kudu da Sahara, waɗanda har yau suke ambaton Bambara da Fulani da Hausa a waƙoƙinsu. A aikin dai suka sake Kashmir da makaɗan Masar.

53/
A 2003 ya je bikin kiɗan hamada a Essakane, kusa da Tumbuktu, inda Ali Farka Touré da Tinariwen su ma suka yi wasa. Daga baya ya ɗauki Juldeh Camara, Bafulatanin Gambiya mai kaɗa riti, ɗan'uwan kukumarmu mai tsirkiya ɗaya, cikin ƙungiyarsa. Har tsofaffin waƙoƙin Zeppelin suka riƙa yi da shi, sunansa a rubuce.

54/
To ina na tsaya? Gwanaye ne na gaske. Abin da suka yi da ganga da jita da sutudiyo ba su are shi wurin kowa ba. Kuma ta dalilinsu miliyoyin mutane suka nemi sanin su Dixon da Wolf. Amma wannan bai biya bashin ba. Shahara ba ta sayen magani, ba ta biyan kuɗin haya.

55/
Da sun rubuta sunan Dixon a 1969, ba abin da zai ragu a girman Whole Lotta Love. When the Levee Breaks ta tabbatar da haka: sunan Minnie na kai, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba tasu ba ce. Layi ɗaya ne na rubutu. Rashinsa ya jawo shekaru na shari'a da tabon da har yau ake nunawa.

56/
Ku masu haɗa kiɗa a waya da laftof, ku ɗauki wannan. Ku ari kari, ku yanko ganga, ku sabunta waƙar kakanni, haka kiɗa ke rayuwa. Amma ku nemi izini, ku rubuta sunan mai abu, ku yi yarjejeniya a takarda ko da abokinka ne. Ranar da waƙa ta fashe, ranar ake sanin amfanin takarda.

57/
Aikin gida: ku nemi When the Levee Breaks ta Memphis Minnie da Kansas Joe ta 1929, ku saurara. Sannan ku saka ta Zeppelin ta 1971 da abin kunne mai kyau. Sannan ta Beyoncé. Ku dawo nan ku gaya min abin da kuka ji.

58/
Nan zan tsaya.  In zaren ya amfane ka, tura shi gaba. Ku faɗi wanda kuke so na gaba: Queen, Rolling Stones, ko labarin yadda Paul McCartney ya zo Legas naɗar faifai a 1973 har suka yi ka-ce-na-ce da Fela.